Hausar da Autanmu Ya Cire

Ni na fara ɗora hannun autanmu a kan kwamfuta. Lokacin ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Karaye, shi kuma ya gama tasa sakandaren yana zaune a gida a Jajaye, jami'a ba ta samu ba, kullum shi da Baba sai faɗa a kan zuwa gona. Inna ta kira ni a waya ta ce in ɗauke shi ko na ɗan lokaci ne, kafin abin ya yi tsami tsakaninsa da mahaifinsa. Maigidana bai ƙi ba. Aka share masa ɗakin zaure, ya zo da jakarsa da wata waya mai tsagaggen gilashi.

Tazarar da ke tsakaninmu babba ce. Ni na goye shi, ni na riƙa kai shi makarantar allo yana tirjiya. Yana ce mini Yaya, ina ce masa Auta, har yau bakina bai saba da sunansa na yanka ba.

Abin da nake koyarwa shi ne rubuta shirin kwamfuta, wato jera wa na'ura umarni ta bi. Muna da ɗaki guda mai tsofaffin kwamfutoci da sola da ke aiki idan rana ta yi kyau. Yaren kwamfutar da muke amfani da shi irin mai sassaucin nan ne. A cikinsa duk abin da ka ƙirƙira, ko saniya ce ko buhun dawa, yana ɗauke da bayanansa da ayyukan da zai iya yi. Daɗinsa shi ne kana iya tsayar da abu ka tambaye shi me ke cikinsa, kana iya ƙara masa sabon aiki shirin yana cikin tafiya, har ma shiri ya rubuta wani shirin da kansa. Wannan ɓangaren ne ya sa na ƙaunaci yaren tun ina ɗaliba, kuma shi ne ya fi ba ni wahalar koyarwa.

Ranar da na fara nuna wa 'yan aji yadda ake leƙa cikin abu, na rubuta umarnin da yaren ya zo da shi, sai allo ya cika da dogayen kalmomin Turanci masu ja-layi gaba da baya, tun daga sama har ƙasa. Yaran suka zuba wa allon ido. Can wata ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, lalacewa ta yi?"

Ba ta lalace ba, amma na fahimci dalilin tambayar. Yaran nan suna da kai. Mafi yawansu daga ƙauyuka suke, wasu ma Fulatanci suke yi a gida, Hausa a kasuwa, Turanci kuwa sai a takardar jarrabawa. Sai na fara rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja a gida bayan la'asar, wadda za ta tsaya tsakaninsu da wancan tarin kalmomi. Umarni ɗaya na fara da shi, na sa masa suna duba. Idan ka ce duba saniya, sai ta tace duk tarkacen, ta nuna maka abin da kake buƙata kawai: ga bayananta, ga ayyukanta, cikin Hausa.

Auta yana zama a bakin tabarma yana kallo. Da farko tambayarsa ita ce ko akwai wasan mota a ciki. Daga baya ya fara tambayar me ya sa na rubuta kaza ban rubuta kaza ba. Na ba shi tsohuwar kwamfutata ta cinya, na nuna masa farkon hanya, kafin damina ta fita ya fara gyara mini kuskure. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Na riƙa gaya wa maigidana da alfahari cewa yaron nan zai wuce ni, kuma ya wuce ɗin.

Tare muka faɗaɗa manhajar. Muka ƙara umarnin da ake ce wa ƙara, mai manna wa abu sabon aiki nan take, da sauya, da wani da muka daɗe muna gardama a kan sunansa. Shi ne wanda za ka bayyana masa irin abin da kake so, ya ƙera maka sabon nau'i da kansa. Auta ya ce a kira shi ƙera, ni na ce haifa. Muka tambayi maigidana yana cin tuwo, ya ce shi dai a bar shi ya ci abincinsa, amma haifa ya fi daɗin faɗa. Auta ya ce an yi masa taron dangi, muka yi ta dariya.

Ajin ya canza. Na tuna wata yarinya 'yar makiyaya daga wajen Beli, wadda ba ta taɓa magana a aji ba. Ta ƙirƙiri saniya, ta ba ta launi da shekaru, sannan ta yi amfani da ƙara ta sa mata aikin tatsa. Ta kusa da ita ta kwaikwaya ta sa wa tata, sai yarinyar ta leƙa ta ce, "Taki ai bijimi kika rubuta, me za ki tatsa?" Ajin ya kwashe da dariya, ni ma na kasa riƙewa. Ranar har aka buga ƙararrawa ba wadda ta tashi.

Shekara ta zagayo Auta ya samu jami'a a Kano. A hutunsa na farko ya zo da shawara, ya ce mu ɗora manhajar a shafin intanet ɗin da masu rubuta shiri ke ajiye aikinsu, don wasu malamai su amfana. Na ce ina tsoron wasu su shigo su juya mana ita yadda ba za mu gane ta ba.

"Yaya, ba wanda ya isa ya taɓa komai sai da yardarmu," in ji shi. "Kuma Hausar nan ita ce manhajar. Idan aka cire ta me ya rage? Muddin ina numfashi ba inda za ta."

Ban sa shi ya yi wannan alkawari ba, shi ya kawo shi da bakinsa. Da yake sabis a Karaye sai a hankali, shi kuma yana birni, na ce ya buɗe shafin da sunansa ya riƙe mabuɗin, ni ya ba ni izinin shiga in gyara. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Ƙanena ne.

Haka muka yi ta tafiya har ya kusa gama jami'a. Sai wata rana ya kira ni da zumuɗi, ya ce akwai wani kamfani a Legas da ke neman matasa masu aikin da ya taɓa rayuwar jama'a, yana so ya nuna musu manhajarmu, amma sai da hoto da ɗan bidiyon 'yan ajina suna amfani da ita. Shugabar makaranta ta ce ita ba ta hana ba, amma sai iyaye sun yarda. To ni na bi gidajen. Wasu a cikin gari, wasu sai da maigidana ya kai ni a babur har ƙauyen Yola na nan yankinmu da rugagen da ke bayansa. A kowane gida sai an yi doguwar gaisuwa, an kawo ruwa ko nono, sannan in faɗi abin da ya kawo ni. Na gaya musu ba za a nuna fuskar kowa ba, ta bayansu za a ɗauka, kuma dalilin shi ne a nuna wa duniya cewa yaranmu suna koyon wannan ilimi da harshensu, don a ƙarfafa abin ya ci gaba. Wasu sun ƙi, ban matsa ba. Da yawa sun ce tunda ni ce, sun yarda.

Auta ya zo ya ɗauka. Ya samu aikin. Inna ta yi sadakar ƙosai, Baba da ya daɗe yana cewa yaron nan ba zai yi abin kai ba, ya riƙa nuna hotonsa a waya a bakin masallaci. Ni kuwa ranar da labarin ya zo har sujada na yi.

Bayan ya koma Legas kiransa ya ragu. Ban damu ba, na san sabon ma'aikaci ba shi da lokacin kansa. Ni ma ciki ya yi mini nauyi, na haihu, na yi watanni ban leƙa shafin ba.

Da na koma aiki a farkon zango, na tarar an wanke duk kwamfutocin ɗakin saboda cutar da ta shiga cikinsu lokacin da ba na nan. Da safe na haɗa wayata da su, na sauko da manhajar daga shafin kamar yadda na saba, ban tsaya gwadawa ba don sababbin ɗalibai suna jirana a ƙofa. Na yi musu bayani mai daɗi, na ce yau za su ga kwamfuta tana amsa musu da Hausa. Na ƙirƙiri saniya, na rubuta duba, na danna.

Jan rubutu ya fito, wai ba a san wannan umarni ba.

Na ɗauka yatsana ne ya zame. Na sake rubutawa a hankali. Haka dai. Na gwada ƙara, na gwada haifa, duk amsa ɗaya. Yaran suka fara kallon juna. Sai na koma ga wancan dogon umarni na asali da na daina amfani da shi tun shekarun baya, na leƙa cikin manhajar da kanta. Komai yana nan, na gane aikina, na gane yadda na jera shi, amma babu kalmar Hausa ko ɗaya. An juya kowane suna zuwa Turanci. Saƙonnin da muka zauna muka tsara don yarinya ta gane kuskurenta ba tare da ta tsorata ba, duk an share.

Na ce wa yaran su buɗe littafi su kwafi abin da ke kan allo, na fita bayan aji na buɗe shafin a waya. An canza wa manhajar suna. Izinina na shiga babu shi. An fara tarihin aikin daga sabo, ta yadda duk wanda ya duba zai ga mutum ɗaya ne ya rubuta shi tun daga farko. A saman shafin kuwa ga hoton 'yan ajina, bayansu da fararen hijabansu, da rubutu a ƙasa cewa an haifi wannan aiki a wani ajin ƙauye don koya wa 'yan mata da harshensu.

Duk da haka zuciyata ta ƙi yarda. Na kira shi ina cewa, "Auta, wani ya shiga manhajarmu ya lalata ta."

Ina jin hayaniyar ofis a bayansa.

"Ba wanda ya shiga, Yaya. Sabuwar fitowa ce. Wallahi na so in gaya miki, abubuwa ne suka yi yawa."

"Ina duba? Ina haifa?"

"Suna nan, suna kawai aka canza musu. Yaya, ina cikin taro, zan kira ki."

Bai kira ba. Ni ma ban sake kira ba, don na san idan na buɗe baki a waya zan faɗi abin da ba zai goge ba.

Ba mu haɗu ba sai lokacin cirar gyaɗa, da ya zo gida hutu. Na je Jajaye da jaririyata na tarar da Inna a tsakar gida a inuwar darbejiya, an jibge mata gyaɗa tana tsinka. Baba yana gona. Auta ya fito daga ɗaki cikin shadda mai kyau, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, ya tambayi maigida da yara da aiki da gajiyar hanya, ya karɓi jaririyar yana yi mata wasa. Na amsa duka. Muka zauna muna taya Inna tsinka, kowa ya san akwai magana.

Ni na fara. Na ce, "Auta, me ya sa?"

Ya ajiye reshen da ke hannunsa. Da alama ya daɗe da shirya amsar. Ya ce mutane daga ƙasashe daban-daban sun fara amfani da manhajar, kuma ba su da haruffanmu masu lanƙwasa a na'urorinsu, ba sa iya rubuta ƙara. Ya ce riƙe sunaye biyu ga kowane umarni ninka aiki ne, kuskure yana ta shiga. Manyansa a wurin aiki sun duba sun ce a sauƙaƙa ta, a bar hanya ɗaya tak.

"Ke da kanki kike cewa burinmu sauƙi," in ji shi.

"Sauƙi ga wa? Don wa na rubuta ta?"

"Yaya, yaran nan komai daɗewa sai sun koyi Turancin. Kuma ke ai kin iya. Cikin yini ɗaya za ki rubuta 'yan layuka ki mayar da sunayen Hausar a samanta, yaren ya ba da damar haka."

Gaskiya ya faɗa, zan iya, kuma wannan ya ƙara ƙona mini rai. Abin da zai ɗauke ni yini ɗaya, shi da ya fi ni ƙwarewa ba zai kai masa haka ba, amma bai ga ya cancanci ya yi ba.

Na ce, "To izinina fa? Da tarihin aikin?"

Ya ce tsari ne na kamfani, sai ma'aikaci ke da izini, kuma tsohon tarihin a hargitse yake, shi ya sa aka fara sabo. Yana magana yana kallon gyaɗa.

"Hoton yarana kuma? Ka cire Hausar, ka bar hoton da ke cewa da Hausa suke koyo."

Nan ya ɗan yi murmushi, irin na wanda ke bayyana wa baƙauye yadda birni yake. Ya ce, "Labarin ne ke jawo mutane, Yaya. In babu shi manhajar ɗaya ce cikin dubu."

Ban san lokacin da hannuna ya tsaya ba. Na dube shi ina neman yaron da ke zama a bakin tabarmata, na ga wani mutum mai hankali da ladabi wanda ya auna komai ya ga abin da zai riƙe da abin da zai zubar.

Inna da ke saurare tun ɗazu ta ce, "Wai ni me ya ɗaukar miki ne?"

Ina neman ta inda zan fara, ta ƙara jefo tambaya.

"Ya ɗauke abin ya hana ki?"

"A'a Inna, yana nan, kowa ma yana iya ɗauka."

"To me ya ɓata?"

"Alkawari ya yi mini, Inna. Ni kuma na yi wa iyayen yara."

Ta murje ƙasar da ke jikin gyaɗar hannunta. Ta juya ta ce masa, "Kai kuma ba ka kyauta ba, ba a yi wa babba haka." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Yaya." Sai ta juyo gare ni ta ce, "Shi ke nan, ya ba ki haƙuri. Ke ce babba." A wurinta magana ta ƙare. Shi ma na ga kafaɗunsa sun sauka. Bai ce zai mayar da komai ba, ni ma ban roƙa ba.

Gyaran bai yi wuya ba. Akwai tsohon kwafi a kwamfutata ta gida, wanda bai da wasu gyare-gyaren baya-bayan nan, amma yana aiki. Na zuba shi a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na bi kwamfutocin makaranta ɗaya bayan ɗaya. Darasi ya ci gaba. Maigidana ya ce tunda ban rasa komai ba in bar abin ya wuce, abokan aikina ma haka suka ce. Na daina ba da labarin, don duk wanda na gaya wa sai ya tambaye ni abin da Inna ta tambaya.

Amma iyayen yaran sun tsaya mini a rai. Na ga ba daidai ba ne in yi shiru, tunda dalilin da na ba su ya tashi. Na fara da wani dattijo makiyayi, mahaifin ɗaya daga cikin waɗanda ke hoton, na same shi a rugarsa da hantsi an gama tatsa. Bayan gaisuwa na yi masa bayani iya yadda zan iya, na ce hoton yana nan a intanet amma abin da aka ɗauke shi dominsa an daina. Ya saurara har na gama, yana riƙe da sandarsa a kan gwiwa.

Ya ce, "Malama, mu ba mu san ƙanenki ba. Ke muka ba wa."

Bai ɗaga murya ba, har ya sa aka cika mini kwalba da nono na taho da shi. A kan babur a hanyar dawowa na yi kukan da ban yi ba a Jajaye. Da muka isa gida na tura wa Auta saƙo, na ce ya cire hoton yarana. Bai amsa ba. Bayan wasu makonni na duba na ga babu shi, an sa wani zane a wurin.

Bara aka yi bikin Auta. Ni ce babbar ya, don haka ni na shiga kasuwa haɗa lefe, ni na jagoranci kai shi, ni na tsaya a kan tukwane ranar ɗaurin aure. Ban yi ƙasa a gwiwa a komai ba, kuma ban yi don a gani ba, hakkinsa ne a kaina. Abokan aikinsa sun zo daga Legas, aka shimfiɗa musu darduma a ƙofar gida. Ina wucewa da kular abinci ya kira ni, ya ce in zo su gaishe ni. Suka miƙe da ladabi. Ya ce musu da Turanci wannan ce yayarsa da ta raine shi, ita ta fara nuna masa kwamfuta.

Wani daga cikinsu ya tambaya ko ni ma ina rubuta shiri.

Auta ya riga ni amsawa. Ya ce, "Malamar makaranta ce."

Suka ce madalla, aiki ne mai albarka. Na yi musu godiya, na yi musu sannu da hanya, na ajiye musu kular, na koma cikin gida inda mata ke jirana a raba waina.